Kyautar salla da ba ta kwana ta lalace

Duk wadda ta taɓa yin salla a Tasawa ko a Mayahi ta san yadda hantsin ranar yake. Kafin jama'a su gama dawowa daga idi, yara sun fara kai da kawowa da kwanoni a ka, wannan gida ya aika ma wancan, wancan ya rama. Shinkafa da miya, taliya, masa, tuwo, da ɗan naman zabo ko na kaza a sama. Zuwa azahar, gidan da ke da mutane sai a ga kwano goma sha a tsakar gida, an rasa wanda za a fara buɗewa. Zuwa la'asar kuwa, in sallar ta faɗo cikin bazara, miya ta fara kumfa, shinkafa ta fara yauƙi, washegari sai a juye ma awaki. Kwana uku bayan salla, gidan nan da aka rasa wurin ajiye kwano, shi ne za a ga yarinya ta fito da ƴar tasa tana neman aron gari wurin maƙwabta.

Ba wanda ke cewa a daina rabon abincin salla. Zumunci ne da muka gada, kuma maƙwabcin da bai ga kwanon gidanku ba ranar idi, zai kwana yana tambayar kansa laifin da ya yi. Sai dai akwai wata kyauta da za ta iya tafiya tare da kwanon, ko ta je inda kwanon ba ya iya zuwa, wato haɗaɗɗen gari busasshe: garin kunu, garin ɗanwake, garin masa, garin fanke, tukuɗi ko yaji, wanda mace ta gyara da hannunta, ta auna, ta ƙulle, ta aika. Wadda aka ba ita ce za ta zaɓi ranar da za ta ɗora tukunya. Ga matan kasuwa kuma akwai ciniki a ciki, in har an kiyaye wasu abubuwa da za mu kawo a ƙasa.

Burodin Amurkawa da ƙullin masarmu

A Amurka akwai wata al'ada mai kama da wannan. Idan Kirsimeti ta gabato cikin watan Disamba, wasu matan gida sukan samo kwalba mai faɗin baki, su zuba fulawa kamar kofi 3, da sukari kaɗan, da gishiri, da hodar nan mai sa ƙulli ya tashi wadda ake kira bakin foda. Sai su rufe, su ɗaura ma bakin kwalbar ɗan ƙyalle mai kyau, su rataya takarda. A takardar an rubuta abin da wanda aka ba zai yi: ya juye garin a kwano, ya zuba giya gwangwani ɗaya, wajen mililita 355, ya motsa, ya sa man shanu, ya gasa kamar awa guda, burodi ya fito. Burodin giya suke ce masa.

Mu nan, giya ba abin da Musulmi zai sa ma abincinsa ba ce, balle ya aika ta gidan surukai, kuma murhun gasa burodi ba kowane gida ke da shi ba. Amma idan aka ture giyar gefe, dabarar ta cancanci a dube ta. Aikin giyar cikin ƙullin nan bai wuce ta kawo ruwa da ƴar kumfa, ta kuma ba shi ɗan ɗanɗanon hatsin da ya yi tsami ba. Mafi yawan tashin, bakin fodar ce ke yin sa, shi ya sa ma a can waɗanda ba su shan giya ke zuba ruwan soda ko lemun kwalba a madadinta. To, tsamin hatsi kuwa, wa zai koya ma Bahaushiya? Ƙullin masa da ya kwana a rufe, gasarar koko, nonon da ake dama fura da shi, duk aikin ƙananan halittun nan ne da ido ba ya gani, masu cin zaƙin hatsi ko na madara su mayar da shi tsami. Abin da matar Amurka ta yi shi ne ta ɗauke ma ƙawarta wahalar awo da haɗi, ta bar mata aikin minti goma.

Wannan ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da ke bi ta Tasawa zuwa Kano ko arewa, da busasshen guzuri suke tafiya. Mai jego har yau dangi na kai mata yaji da garin kunu. Ɗan ci-rani idan zai kama hanyar Agadas, uwarsa ko matarsa kan kwana tana daka masa abin da zai jiƙa a hanya. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan tsohuwar dabara a sa mata tufafin salla.

Wane gari ne ke jure ajiya?

Ba duka gari ne ɗaya ba, kuma a nan ne mata da yawa ke yin asara. Garin ɗanwake shi ne sarkin haƙuri. Wake da busasshen rogo, wasu su ƙara dawa ko fulawa, a niƙa tare, a tankaɗe, a zuba kuka. Kowane gida da irin awonsa. Akwai masu son wake ya rinjaya don ya riƙe ciki, akwai masu yawaita rogo don ya yi santsi. Idan ya bushe sosai yana yin makonni bai sauya ba. Kanwa ce kawai ba a so a haɗa ta ciki tun farko. A ƙulla ta daban, mai girki ta jiƙa ta zuba ruwanta daidai bakinta, don kanwa in ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano, tana kuma wahalar da ciki. Gundumar Mayahi da ta Tasawa ƙasar wake ce, daga Kanambakashe da Sarkin Hausa har Korgom da Urafan, saboda haka mace ba ta buƙatar jiran motar Kano kafin ta haɗa wannan.

Garin kunun gero kuwa, shi ne ya fi daɗi a karɓa, shi ne kuma ya fi saurin cin amanar mai shi. Gero yana da maiƙo fiye da dawa da shinkafa. Muddin ƙwayar tana a rufe ba abin da ke samun ta, amma da zarar an niƙa, maiƙon ya haɗu da iska, sai ya fara juyawa. Masu binciken hatsi, irin na cibiyar ICRISAT wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun daɗe suna nuna cewa garin gero na iya fara ɗaci da wari cikin mako guda zuwa kwana 10 idan aka ajiye shi haka kawai. Tsofaffinmu ba su karanta wannan a takarda ba, amma shi ya sa suke daka na kwana ɗaya ko biyu. Maganin abin sananne ne: a surfe da kyau, a wanke, a shanya har ya bushe ƙarau, sannan a ɗan soya ƙwayar sama-sama a busasshen kasko kafin a kai inji. Zafin nan yana kashe ƙarfin abin da ke juya maiƙon, garin ya ƙara kwanaki, kunun kuma ya yi ƙamshi. Citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono a niƙa su tare. Tsamiya a ƙulla ta gefe, don tana da danshi, in ta kwana cikin gari sai ta dunƙula shi.

Garin masa na shinkafa ko na gero, a jiƙa, a tsane, a shanya, a niƙa. Na fanke kuwa fulawa ce da sukari da gishiri. Su biyun duka suna buƙatar yis, kuma a nan ne za mu bambanta da matar Amurka, wadda ke zuba komai cikin kwalba ɗaya a ƙasar da ake sanyi cikin Disamba. Yis abu ne mai rai. Zafin ɗakin kwano a watan Afrilu da ɗan danshi kaɗan sun isa su kashe shi, sai a wayi gari ƙulli ya ƙi tashi, a ce hannun wance ba shi da albarka. A bar shi cikin ƴar ledarsa ta kamfani, a ɗora a saman garin. Bakin foda ma haka: in ta sha danshi ta gama aikinta tun cikin leda. Mai son gwada ta, ta zuba rabin cokali cikin ruwan zafi; in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru a zubar.

Tukuɗi, wato garin gero da dabino da cuku da kayan ƙamshi, kyauta ce ta girma, ta manya da masu tafiya, sai dai tsadar dabino da cuku ta sa ba a yin sa da yawa, kuma da yake da maiƙo bai kamata ya daɗe ba. Yaji kuwa, a babbar salla babu kamarsa. Garin da ya yi suna da kilishi irin Tasawa ba a koya masa haɗa ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kimba. Ranar da raguna suka jeru a bakin wuta, ƙullin yaji mai kyau ya fi kwanon shinkafa na goma sha ɗaya amfani.

Inda haɗarin yake

Dafaffen abinci idan ya lalace, hanci ke faɗa. Gari kuwa yana iya zama fari tas alhali da cuta a cikinsa, kuma galibi yara da masu jego da tsofaffi ne ke shan kunun. Don haka wadda za ta ba da gari, ko ta sayar, ta ɗauki amanar cikin mutane.

Na farko shi ne maganin ƙwari a wake. Kowa a kasuwa ya san yadda ƙwaro ke huda wake cikin wata biyu ko uku, ya kuma san abin da wasu ke yi don kare jarinsu: ƙwayar fostoksin a jefa cikin buhu ba bisa ƙa'ida ba, ko a yayyafa piya-piya kai tsaye. Guban da ke cikin piya-piya, wanda ake kira diklorbos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015. In Bature ya ƙi shi a bakin teku, ba dalilin da zai sa mu niƙa shi mu kai ma jaririn ƙanwarmu. Waken da za a dafa ɗungurungum ana wanke shi, a tafasa, a zubar da ruwan farko. Na garin ɗanwake kuwa sau da yawa daga buhu sai inji. Saboda haka a sansana, a duba ko akwai toka-toka a gindin buhu, a tambayi mai shi yadda ya ajiye. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne waken da ya fito daga buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi na wancan lokacin, irin su Dakta Ibrahim Bawa, suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyukanmu. Ba magani a ciki. Iska ce ke ƙare ma ƙwaron ya mutu. Ko da wane wake aka samu, a wanke shi a shanya kafin niƙa.

Na biyu shi ne fumfuna, musamman a gyaɗa da masara. Akwai wata irin fumfuna da ke barin guba mai suna aflatoksin, wanda tafasa ba ta kashe shi, suya ma ba ta kashe shi. Kaɗan-kaɗan yake taruwa ya lalata hanta, kuma likitoci na danganta shi da ciwon dajin hanta da tsumburewar yara. Idan ya yi yawa yana kisa nan da nan: a ƙasar Kenya, a shekarar 2004, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masarar da aka ajiye da danshi. Mai yin ƙuli-ƙulin yaji ko mai zuba gyaɗa a garin kunu, ta zauna ta tsince: duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko ƙwaro ya huda, a fitar. Na san abin da ake cewa, wai ai in an niƙa ba a gani. To, daidai nan ne matsalar take. Busasshen rogo shi ma a zaɓi fari mai ƙara in an karya, a guji mai ɗigon baƙi ko warin ruma.

Bushewa kuwa tana tafiya da lokacin da sallar ta faɗo, tun da watanninmu na Musulunci suna matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2020 da 2021 da 2022, layya ta zo cikin watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da hatsi kan yini a tabarma bai bushe ba. Yanzu sallolin sun matso wajen rani da bazara, rana ta wadata, sai dai ƙura da kaji da ƙuda. A shanya a kan tabarma mai tsabta ko faranti, sama da ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Gari kuma a damƙa a hannu. In ya dunƙule ya ƙi wargajewa, bai isa ƙulli ba. Kar kuma a ƙulle shi da zafin inji, a baza shi ya huce tukuna, in ba haka ba zufar da zai yi cikin leda ita ce za ta ɓata shi.

Shi kansa injin niƙa abin lura ne. Jajibirin salla layi kan kai bakin titi, mai inji na sauri, wannan ta kawo jiƙaƙƙen wake na ƙosai, ta bayanta ta kawo barkono, ke kuma ki zuba geronki a kai. Danshin ƙullin wata ya shiga garinki, ya isa ya ɓata shi cikin kwana uku. Gara a je da mako guda kafin salla, da sassafe, a roƙi mai inji ya fara wuce ɗan tsaba don ya share hanya, a ware garin farko a yi tuwon gida da shi. In ranar ya wasa faranti ne, a ɗan dakata, don garin farko kan fito da ɓurɓushin ƙarfe.

Lissafin ƴar kasuwa

Fulawa, ƴan uwa, ba a gonarmu take fitowa ba. Mun ga yadda kuɗinta ya hau a 2022 lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu masu sayar ma duniya alkama. Mun ga abin da ya faru da kasuwannin jihar Maraɗi lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wadda ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024. Duk sanda haka ta faru, mai cincin da fanke ce ke fara kuka. Mai garin gero da wake kuwa, kayanta na zuwa ne a amalanke daga ƙauye. A ganina wadda za ta shiga wannan sana'a ta kafa ta a kan hatsin gida, fulawa ta zama ƙari.

Sai dai a yi lissafi da gaskiya. Buhun gero mai kilo 100 tiya 40 ne a wurin awo, amma kowace mace ta san tiya 10 ba ta fitowa 10 bayan surfe da wanki da tankaɗe. Mata da yawa kuɗin hatsi kawai suke ƙirgawa, su manta kuɗin inji, da itacen suya, da kayan ƙamshi waɗanda su ne masu tsada a ɓoye, da mazubi, da ladan yarinyar da ta yini tana tsintar gyaɗa, balle nasu ƙarfin. A auna garin bayan an gama komai, a raba dukan abin da aka kashe a kan yawan ƙullin da ya fito, sannan a ɗora riba. Dusa kuma kar a ba da ita kyauta, gab da layya masu kiwon rago na neman ta ido rufe.

A yi ƙulli iri biyu: ƙanana na mai ƙaramin ƙarfi, da manya na tiya guda ko rabi cikin mazubi mai kyau don masu kai ma surukai. Ma'aikata da matan da ke yini a kasuwa, waɗanda ba su da lokacin surfe, su ne masu saye na farko. Direbobin tashar Tasawa, da yake garin na kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, suna ɗaukar saƙo kullum. Game da jari kuwa, matan jiharmu ba baƙin asusu ba ne. A nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ƙungiya ɗaya na iya haɗa kuɗi ta sayi hatsi tun kaka yana da araha, da sikeli, da ƴar na'urar liƙe leda, a riƙa amfani da su bi da bi. Shawara ɗaya: kar a ci bashi mai nauyi don salla guda. A fara da kaɗan a farkon azumi, lokacin da kowane gida ke dama kunu da yamma. In garinki ya yi kyau, masu buɗa-baki da shi su ne za su yi miki talla kafin watan salla ya tsaya. Bashi kuma a yi hattara da shi, don wanda aka ci ranar jajibiri sai an sha rana kafin ya dawo.

Wa za a ba, wa za a kiyaye?

A nan sai an yi amfani da hankali, don kyauta tana da harshe. Akwai uwar miji da in surukarta ta aiko mata da ɗanyen gari ranar salla ba tare da dafaffe ba, za ta ce an raina ta, ko ta ce yarinyar ƙyuya ce ta hana ta girki. Akwai kuma gidan da ke cikin rashi suna rufa ma kansu asiri, in aka kai musu gari a baƙar leda a gaban jama'a, sai su ji kamar sadaka aka miƙo musu. Don haka gidan manya a kai kwanon abinci kamar yadda aka saba, garin ya biyo a matsayin ƙari, cikin samira ko langa, da faifai a rufe. Gidan masu ƙaramin ƙarfi kuwa a ba su irin mazubin da aka ba kowa, kar a bambanta. Kar kuma wani ya ɗauka wannan ya ɗauke masa zakkar fidda kai. Ita daban take da awonta da lokacinta.

Inda garin ya fi amfani shi ne wurin waɗanda kwano ba ya kai musu: ɗalibin da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi ko a Yamai, ɗiyar da aka kai aure Damagaram ko Katsina, ɗan ci-ranin da zai koma bayan salla, amaryar da ba ta gama gane kan murhu ba, tsohon da ke zaune shi kaɗai wanda jika ke dama ma kunu. Maƙwabta Kirista da ke aiko da abinci ranar Kirsimeti, su ma ga abin rama musu. Akwai kuma wani sauƙi da mata za su gane. A al'adarmu ta biki, abin da aka kawo miki ana sa ido a ga kin rama, sau da yawa har da ƙari, kuma wannan ramuwar ce ke jefa mata cikin bashi. Turmin atamfa kowa ya san kuɗinsa a kasuwa. Garin da kika gyara da hannunki kuwa ba mai iya yi masa kuɗi, wadda aka ba sai ta rama da abin da ita ma ta iya, ko dakuwar aya ce, ko daddawa.

Mazubi da ƴar takarda

Kar a kuskura a zuba gari a bidon ko robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko taki, ko man inji, komai wankin da aka yi mata. Gwangwanin madara mai murfi, kwalbar da aka wanke ta bushe a rana, ƙaramin bokitin roba sabo, duk suna yi. Baƙar leda mai laushi ba ta hana danshi, tana yagewa, ga shi kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana irinta a Nijar, ko da yake iska na nan tana rataya ta a kan ƙaya. In leda za a sa, a nemi fara mai kauri, a matse iskar, a liƙe. Masu saƙar kaba na yankin Gulbin Kaba a Mayahi suna yin faifai da ƙananan kwanduna; a saka ƙullin ciki, kuɗin ado ma ya tsaya a gida.

Abu na ƙarshe da ya kamata mu ara wurin matar Amurka shi ne takardar nan da take ratayawa. A rubuta sunan garin, da abin da ke ciki, musamman in akwai gyaɗa don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta, da ranar da aka niƙa, da ranar da ya kamata a ce an cinye. Na gero kar a wuce mako biyu zuwa uku ko da an soya ƙwayar, na ɗanwake wata guda ya isa a sa masa. A ƙara da awon ruwa, da ko yis ɗin na ƙulli nawa ne, da lambar wayar mai sayarwa. A rubuta da boko ko da ajami, ɗan lakwal ko almajirin gidan zai yi wannan cikin minti biyar. In wadda za a kai ma ba ta karatu, a bi saƙon da murya ta WhatsApp ko a kira ta, a faɗa mata wane ƙulli ne kanwa, wane ne yis, don a cikin farar leda, da dare, a hasken tocila, bakin foda da garin kanwa kamarsu ɗaya.